Wani Majinyaci a Westray

Pierowall, tsibirin Westray
6 ga Oktoba, 1783

Zuwa ga Dakta Hew Dalgleish, a Edinburgh.

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mutanen gida. Na san sai ka duba hatimin sau biyu kafin ka yarda daga wurina ta fito, don shekara ashirin da shida ke nan rabonmu da rubuta wa juna. Ba zumunci ya kawo ni ba, aiki ne. Har nan ana faɗa cewa duk ƙasar babu likitan da ake aika wa takardar neman shawara kamar kai, ni kuwa ina da majinyacin da ya gagare ni.

Namiji ne, shekararsa hamsin da takwas, ƙaƙƙarfa, mai yawan tafiya a kan doki da cikin kwale-kwale, ko ana ruwa ko ana iska. Ba mashayi ba ne, ƙoƙo ɗaya na giyar sha'ir yake sha da abinci kamar kowa. Cimarsa irin tamu ce, gurasar sha'ir da kabeji da kifi mai gishiri. Yana saurayi ya yi zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, ya kwanta mako tara, tun daga nan in ya hau tudu zuciyarsa takan buga fiye da ta sa'o'insa.

A watan Yuni ya lura takalminsa yana matse shi da yamma. Bai kula ba. Yanzu kumburin ya wuce gwiwa ya kai cinya. In an danna ƙwaurinsa da yatsa rami yakan zauna, har a ƙirga sittin bai cike ba. Ciki ya fara tashi. Fitsari kaɗan ne, bai kai rabin kwalba a wuni ba, kuma ja ne kamar ruwan tsatsa. Ƙishirwa ba ta barinsa. Ba ya iya kwanciya a miƙe sai an tara masa matashi uku, in kuwa ya zame yakan farka ya ji kamar an ɗora masa buhun hatsi a ƙirji an kuma danna kansa cikin ruwa.

Na ba shi maganin wankin ciki sau biyu a mako, na ba shi tafarnuwa a cikin madara. Ƙafafun sukan saɓe kwana biyu su dawo.

Abu biyu nake nema. Na farko, maganin da kake ganin ya dace. Na biyu, mutumin yana da aikin da yake so ya yi a watan Afrilu, ya kuma matsa min in gaya masa ko zai kai. Kada ka tausasa magana, ni na san yadda zan faɗa masa.

Ka huta lafiya.
Nicol Corrigall, likitan tiyata

*

Edinburgh
23 ga Oktoba, 1783

Zuwa ga Nicol Corrigall.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Ban duba hatimi ba. Rubutunka bai gyaru ba ko kaɗan, daga bakin ƙofa na gane shi a hannun mai kawo wasiƙa.

Ciwon kumburi ne, ruwa ke taruwa a jikinsa, wannan ka sani ba sai na faɗa ba. Zatona tushen abin yana ƙirji, kuma tsohon zazzaɓin nan ne ya bar masa gado.

Ga abin da za a yi. A ba shi garin albasar teku, nauyin ƙwayar hatsi ɗaya safe da yamma, ana ƙara kaɗan kowane kwana uku har ya fara jin tashin zuciya, sai a tsaya nan. Na sa an ɗaure maka isasshe, yana cikin jirgin da ya ɗauko takardar nan. Ya bar kifi mai gishiri gaba ɗaya. A murza masa ƙafafu da ƙyallen ulu kowace safiya, daga idon sawu zuwa sama. Ni ba na cikin masu hana irin wannan majinyaci ruwan sha, wahala ce kawai ake ƙara masa, ya sha daidai ƙishirwarsa. Ka rage wankin cikin, yana cinye ƙarfin da za mu nema nan gaba. Doki da kwale-kwale kuwa ya bar su yau, ba gobe ba.

Ka duba min waɗannan. In ka ɗora tafin hannu a gefen cikin ka bugi ɗaya gefen, kana jin ruwa ya doki hannunka? Hanta ta leƙo ƙarƙashin haƙarƙari? Bugun jijiyarsa daidai yake tafiya ko yana tsallake?

Sai tambayar da ta fi waɗannan. Wa ke kula da shi a gida, kuma akwai wanda yake jin maganarsa a duniya? Mutumin da ya ga ƙafarsa ta kumbura a Yuni bai nemi shawara ba sai Oktoba, ina zaton irin masu taurin kan nan ne da suke ganin tambaya faɗuwa ce. Na taɓa sanin wani haka.

Zancen Afrilu ba zan amsa ba sai na ga amsoshinka.

Ka gaida Uwargida.
Hew Dalgleish

*

Pierowall
19 ga Nuwamba, 1783

Zuwa ga Dakta Dalgleish.

Gaisuwa, da godiya bisa maganin da ka aiko. Kwana tara ya yi aiki, fitsari ya kai kwalba biyu a wuni, ƙafafu suka saɓe har majinyacin ya sa takalmi. A na goma amai ya taso, dole aka dakata. Da aka koma bai ƙara yin komai ba.

Amsoshinka. Ruwa yana dukan hannu sosai. Hanta ban iya taɓo ta ba saboda cikar cikin. Jijiya tana tsallake bugu ɗaya a kowane bakwai ko takwas. Yanzu a kujera yake kwana. Ya bar doki, ba don ka faɗa ba, don ba ya iya hawa. A gida yana da mai kula da shi, kuma ba shi da ƙorafi a kanta. Sauran maganar da ka yi a kan halinsa ba ta cikin abin da aka tambaye ka.

Ina ganin lokacin huda ciki ya yi, a fitar da ruwan. Sau goma sha ɗaya na yi wannan aiki, amma kullum a gefen hagu nake hudawa, kamar yadda aka koya mana. Akwai lahani in an huda daga gaba, ƙasa da cibiya, yana zaune? Kuma in ruwa ya fara zuba jiri ya ɗebe shi, minti nawa mutum yake da shi kafin ya suma? Ina da dalilin tambaya.

Har yanzu ba ka amsa zancen Afrilu ba.

Naka,
N. Corrigall

*

Pierowall
20 ga Nuwamba, 1783

Zuwa ga Likita Dalgleish.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da ladabi, ina kuma neman afuwar rubutuna, ban yi makaranta mai nisa ba. Sunana Grizel Flett, matar Nicol Corrigall. Ni ce 'yar masuncin nan da kuka ce kada ya aura. Ban faɗa don faɗa ba, don ku gane ni ne.

Jiya maigidan ya ba ni takarda in kai wa mai jirgi. Na buɗe na karanta, ban kuma ji kunya ba. Likita, babu wani majinyaci. Shi ne. Ƙafarsa ce, cikinsa ne, ni ke murza ulun kowace safiya.

Dalilin da ya ce yana da shi, ga shi. Ranar Lahadi na dawo daga coci da wuri saboda ruwan sama, na tarar da shi zaune gaban madubina, riga a ɗage, ya ɗiga tawada ƙasan cibiyarsa, tsinken huda na kan cinyarsa. Na tambaye shi me yake yi, ya ce awo kawai yake. Na ce in ya suma da ƙarfe a ciki wa zai cire, sai ya ce ai shi ya sa zai tambayi Edinburgh minti nawa ne. Na ɗauke tsinken na ɓoye a cikin garin sha'ir. Kwana biyu bai yi min magana ba, sai dai in ya ga na wuce ya ce ɓarauniya.

Akwai likita ɗaya a Kirkwall. Na aika masa sau biyu. Ya tsufa, ya ce ba zai hau tekun nan ba sai sanyi ya wuce, ban kuma ga laifinsa ba, don kwale-kwale biyu ruwa ya ci a watan nan. Shi ma maigidan in aka sa shi a jirgi ba zai sauka da rai ba.

Zancen Afrilu da yake ta damun ku da shi, agana ce. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ta shigo tsibirin nan ta kashe mutum sittin da ɗaya. Biyu 'ya'yanmu ne, Gilbert da Jacobina, ba mu kuma sake samun wasu ba. Tun lokacin yake roƙon dattawan coci su yarda a yi wa yara tsagar rigakafi, suna cewa shiga hurumin Allah ne. Bana da aka ji cutar ta ɓulla a Stromness suka yarda, amma sai sanyi ya sauka. Duk yaron da bai kai shekara sha huɗu ba a nan bai taɓa yin ta ba. Sun fi ɗari. Babu wanda ya iya aikin sai shi, kuma in ba a ga fuskarsa a wurin ba uwa ɗaya ba za ta kawo ɗanta ba.

Ga abin da nake roƙo. Shekara ashirin da shida ina riƙe masa tasa. A huda goma sha ɗayan da ya ƙirga, tara ina tsaye. Tun ina 'yar shekara shida nake feɗe kifi, na kuma huda saniya uku da ciyawa ta kumbura, biyu sun rayu. Hannuna ba ya rawa. Abin da ban sani ba shi ne daidai wurin, da zurfin, da abin da zan yi in ya ɓaci. Na tambaye shi ya ƙi faɗa, wai ba zai ɗora min alhakinsa ba. Ku rubuto min dalla-dalla kamar kuna koya wa wawa. In kun ga ba zan iya ba, ku faɗa, amma ku faɗi wanda zai yi.

Bai san na rubuto ba. Zan gaya masa bayan jirgi ya tashi.

Allah ya ƙara girma.
Grizel Flett

*

Edinburgh
13 ga Disamba, 1783

Zuwa ga Uwargida Grizel Flett.

Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da jinya. Takardunku biyu rana ɗaya suka iso, taki na fara amsawa.

Tun takardar farko na san shi ne. Zazzaɓin mako taran nan a ɗakinmu ya yi shi muna ɗalibai, ni na yi ta juya shi ina ba shi kunu yana zagina. Na yi shiru ne don na san in na nuna na gane ba zai sake rubutowa ba. Zancen madubi ne ban hango ba. Kin kyauta da kika ɓoye tsinken.

Za ki iya. Ga yadda za ki yi, ki karanta sau uku kafin ranar.

Ki zaɓi safiya mai haske, kusa da taga. Ya fara yin fitsari tukuna, kada ki yarda ya ce ba ya ji. Ya zauna a bakin kujera. Ki sami dogon zane mai ƙarfi ki naɗe cikin da shi, bakin zanen biyu su gitta a bayansa, mutum biyu su riƙe, ɗaya dama ɗaya hagu. Ki yanke ɗan rami a zanen daidai inda za ki huda. Wurin shi ne gefen hagu: ki auna da zare daga cibiya zuwa tsinin ƙashin ƙugu, ki ninka zaren biyu, inda ya tsaya nan ne. In kin ga jijiya shuɗiya a wurin ki kauce mata da faɗin yatsa.

Ki ɗora yatsanki manuni a jikin tsinken, ki bar tsawon gaɓa ɗaya da rabi daga baki, yatsan ne zai hana ki zarcewa. Ki tura da ƙarfi sau ɗaya kina ɗan murzawa. Mai tausayi shi ke huda sau uku. Za ki ji ya saki kamar kin fasa fatar ganga. Sai ki zare tsinken ki bar bututun azurfar da ke lulluɓe da shi a ciki. Ruwa na fita, masu zane suna ja a hankali, don cikin kada ya saki wuri ɗaya, wannan ke kawo suma. In ya yi fari, ki toshe bututun da yatsa, a ba shi cokali biyu na barasa, ki jira. In ruwa ya tsaya, ki ɗan juya bututun, kada ki tura. In jini ne ya fito tsantsa, ki cire, ki danne wurin da tsumma, ki ɗaure tam, kada ki sake gwadawa. Bayan an gama a bar zanen ɗaure kwana uku.

Yanzu gaskiyar da ya nema. Hudar ba ta warkarwa. Ruwan zai dawo cikin mako shida ko takwas, za ki sake, kowace huda kuma za ta bar shi da rauni fiye da ta baya. Afrilu zai kai, in Allah ya so. Kaka mai zuwa kuwa ba na zaton zai gani. Ki gaya masa, ko ki ba shi ya karanta.

Maganar da na yi a kanki shekara ashirin da shida da suka wuce, ban taɓa ganinki ba na yi ta. Ina jin haushi ne ya bar gurbin aikin da na sama masa a nan ya koma tsibiri. Kuskure na yi, ya kuma jawo min asarar aboki. Ki yafe min.

Nicol, na san kana leƙe ta kafaɗarta. Ka zauna ka yi shiru ka bar ta ta yi aikinta. Majinyaci ne kai ranar, ba likita ba.

Allah ya ba da sa'a.
Hew Dalgleish

*

Pierowall
27 ga Janairu, 1784

Zuwa ga Likita Dalgleish.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa. An yi, yana raye. Na fara da wannan don kada ku sha wahalar nema a ƙasa.

Takardarku mako biyar ta yi a hanya, uku daga ciki tana Kirkwall jirgi ya kasa fitowa. Kafin ta iso leɓɓansa sun yi shuɗi, kalma uku ba ya haɗawa sai ya tsaya ya ja numfashi. Na riga na yanke in Lahadi ta wuce ba ta zo ba zan yi da abin da na sani. Ta zo ranar Litinin. Na ba shi ya karanta duka. Da ya kai wurin kaka ya ce haka shi ma ya lissafa. Da ya kai wurin neman yafiya ya ninke takardar, ya ce a kawo zare a yi awo.

Talata da safe muka yi. Ƙanwata Sibbie ta riƙe zane ta dama, faston garinmu ta hagu, don shi kaɗai ne namijin da na san ba zai kai labari gidan giya ba. Maigidan bai bi umarninku ba. Tun ina naɗa zane yake cewa na matse, na sassauta, taga ba ta isa ba, tsinken yana warin gari. Da na ɗora yatsa ya ce na bar tsawo da yawa. Na ce masa, "Nicol, ko ka rufe baki ko in kira Sibbie ta yi, ka kuwa san ba ta gani sosai." Na tura.

Yadda kuka faɗa haka na ji, ya saki. Ruwa ya fito ruwan ɗorawa, garau, ba jini. Faston ya yi fari fiye da majinyacin, na ce ya kalli bango ya yi ta ja. A kwalba ta goma sha huɗu idon maigidan ya juya, na toshe da yatsa, Sibbie ta ɗura masa barasa, ya dawo, abin da ya fara tambaya shi ne kwalba nawa. Sau ɗaya ruwan ya tsaya, na juya bututun ya ci gaba. Ashirin da uku muka cika. Da na cire na ɗaure, sai na zauna a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Hudar ta fi tawa kyau." A shekarun nan duka bai taɓa yabon ko miyata ba.

Da rana ya ci gurasa biyu da romon kaza. Ya kwanta a miƙe a gado, karo na farko tun Satumba, ya yi barci har washegari. Kwana uku wurin yana tsiyaya, yanzu ya kame, babu ja babu zafi. Ya ce in gaya muku da ruwan ya fita ya taɓa hantar, ta leƙo yatsa uku kuma tana da tauri, jijiya na nan tana tsallake. Jiya ya taka har bakin ruwa da sanda ya dawo.

Yana roƙon ku aiko masa da zaren da aka jiƙa da ruwan ƙurjin agana, daga yaron da ta yi wa sauƙi, a toshe a ƙaramar kwalba, ya iso kafin ƙarshen Maris. Ya ce ba ya so a ɗauko daga Stromness, tasu mai zafi ce.

Zancen yafiya, na yafe tun tuni. Da kun gan ni a lokacin, da ƙamshin kifin da nake yi, wataƙila da kun faɗi abin da ya fi haka.

Allah ya saka da alheri.
Grizel Flett

*

Pierowall
11 ga Mayu, 1784

Hew,

Gaisuwa. Wannan karon babu wani majinyaci, ni ne, kuma a kwance nake rubutu, sai ka yi haƙuri da layukan.

Zarenka ya iso ranar ashirin ga Maris, ya kuma kama. Grizel ta sake huda ni kwana biyu kafin nan, kwalba goma sha tara. Ranar bakwai ga Afrilu muka fara, a ɗakin makaranta. A amalanke ake kai ni, a zaunar da ni a kujera kusa da ƙofa don iyaye su gan ni. Yara arba'in na farko da hannuna na tsaga. Daga nan yatsuna suka kumbura, wuƙar ta fara zamewa, sai na ce Grizel ta riƙe min ita in gyara zama, ban kuma karɓa ba. Wata mata daga Rapness ta janye 'yarta ta ce ita Likita ta kawo wa, ba matarsa ba. Na nuna mata cikina na ce wadda ta huda wannan sau biyu ba za ta kasa dantsen yarinya ba. Ta miƙa.

Yara ɗari da talatin da ɗaya aka yi wa. Ɗari da ashirin da tara sun yi ƙurajensu kaɗan sun tashi. Biyu sun mutu, jariri ɗaya mai wata biyar da bai kamata in yarda a yi masa ba, da wata yarinya 'yar shekara tara da ban san dalili ba har yanzu. Na sa an kai ni gidajen biyu. A ɗaya an ba ni kujera, a ɗaya ba a buɗe ƙofa ba. Ka rubuta wannan ma in za ka ba ɗalibanka labari. Gida goma sha ɗaya sun ƙi kawo nasu. Makon jiya aganar ta shigo Eday, tsallaken ruwa kaɗan daga nan, gida huɗu a cikin masu ƙin sun aiko, Grizel ta je.

Huda ta uku an yi ta ranar Juma'a. Mako bakwai ne tsakani, amma ban farfaɗo kamar da ba, kuma ruwan ya fara hawa ƙirji, inda tsinke ba ya kaiwa. Kada ka aiko da wani magani.

Gurbin da ka sama min a Edinburgh, ban taɓa yi maka godiya ba. Na gode. Ban yi nadamar ƙin sa ba, amma da ma na amsa takardarka ta ƙarshe a wancan lokaci maimakon in jefa ta a wuta. Ka ba ni labarinka. Ban ma san ko ka yi aure ba.

Abokinka,
Nicol

*

Edinburgh
29 ga Mayu, 1784

Nicol,

Gaisuwa gare ka da Uwargida. Na yi aure, ta rasu shekara tara ke nan, 'ya ɗaya gare ni tana aure a Perth. Sauran labarin ya fi ƙarfin takarda. Na sallami ɗalibai, na kama wuri a jirgin da zai tashi daga Leith ranar ashirin ga Yuni. Ban taɓa hawa teku ba, kuma an ce min sai na amayar da hanjina, saboda haka ka tanadi dariyarka. Ka jira ni. Wannan umarnin likita ne.

Hew

*

Pierowall
9 ga Yuni, 1784

Zuwa ga Likita Dalgleish.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa. Nicol ya rasu jiya Talata da hantsi, a kujerarsa, ina riƙe da shi. Bai sha wahala sosai ba. Takardarku ta same shi ranar Asabar, ya sa na karanta masa sau biyu, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce in gaya muku ya yi ƙoƙarin bin umarni.

Gobe za a binne shi kusa da 'ya'yanmu. Mai jirgi ya yi alkawarin takardar nan za ta isa kafin ku tashi. In ta same ku, kada ku fasa tafiyar. Ku zo. Ɗaki na nan, kuma akwai mutane da yawa a nan da za su so su gaya muku ko wane ne shi.

Ku huta lafiya.
Grizel Flett